Unguwar Kimiyya da Ƙasar da Za Ta Zauna a Kai

Tun bayan ambaliyar 2022 musun bai kwanta ba a majalisarmu ta Kaugama. Wasu na cewa ginin ƙasa ya gama zamaninsa, tunda shi ya fara zubewa da ruwa ya yi gyara. Wasu kuma na nuni da ajujuwan bulo masu rufin kwano, waɗanda yara ke tserewa daga cikinsu da azahar in bazara ta kama. Kwanakin baya wani ɗanmu da ya gama jami'a ya ƙara wa wutar ice. Ya ce lokaci ya yi da Jigawa za ta gina unguwar kimiyya, wato fili guda da ake tara ɗakunan bincike da ƙananan kamfanonin fasaha a gefen jami'a. Ya miƙo waya muka ga hotuna: gine-gine a lafe cikin itatuwa, ba ka sanin inda tudu ya ƙare bango ya fara. Wani dattijo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, ai aikin kakanninka ne aka sa wa gilashi." Aka yi dariya, amma maganarsa na da tarihi a bayanta.

Sunan jihar ma shaida ne. Jigawa tudun rairayi ne, kuma mutanen farko na wannan kwari a kan irin tuddan suka kafa garuruwa, suka bar fadama ga shinkafa da kifi da shanu. Magini kan duba inda ruwa ke bi kafin ya aza tubali. Yakan yi bango mai kauri daga ƙasa, ya riƙa tsukewa zuwa sama, ya jera azara, ya fitar da indararo nesa da gindin gini, ya shafe da makuba. Wannan sana'a ta kai maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Turawa ma da suka zo ba su raina ta nan take ba. Gidan Ɗan Hausa a Kano na ƙasa ne, haka Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ke nan ilimin zamani a Arewa cikin soro ya fara zama.

Ita unguwar kimiyya a Amurka aka haife ta. Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya tana da fili mai yawa, amma wasiyyar waɗanda suka kafa ta ta hana sayarwa. A 1951, da ƙoƙarin Frederick Terman, sai ta fara ba kamfanonin fasaha haya, da sharaɗin gine-gine su zama gajeru, kewaye da shuke-shuke. A 1969 Pierre Laffitte ya assasa Sophia Antipolis a kudancin Faransa, inda aka bar mafi yawan filin a matsayin daji, aka soka gine-gine a tsakanin itatuwa. Ingila ta biyo baya da ta Cambridge a 1970. Hujjarsu ita ce mai bincike na bukatar natsuwa da inuwa da wurin haɗuwa da abokin aiki. Mu da muka tashi muna karatu a gindin darbejiya ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To, mu yaya aka yi muka saki wannan hanya? Amsoshi biyu aka fi bayarwa. Ta farko, jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, tashar Malam Madori ta zama kasuwar gyaɗa, taragon da ya kwashi gyaɗa ya dawo da kwano da siminti. Ta biyu, kuɗin fetur na shekarun 1970, lokacin da ginin ƙasa ya zama alamar talauci. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma ba su gamsar da ni ba. Siminti ba ya zaɓar wa kansa fili, kwano ba ya juya taga ta fuskanci yamma.

A ganina abubuwa biyu ne suka raba gini da ƙasarsa. Na farko, kogin da ya ratsa kwarinmu shi kansa ya sauya hali. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da manoma suka san lokacinta ta ja baya, ga kuma farin 1973 da na 1984. Kwarin da kakanni ke tsoro ya bushe shekara da shekaru, har aka yanka filaye a cikinsa. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, saboda haka duk shekarar da ruwa ya dawo da ƙarfi, irin 2012 da 2020 da 2022, sai ya nemi sabuwar mafita, ya tarar da gidaje. Na biyu, zanen gini ya bar hannun maginin gari ya koma ofis. Takarda ɗaya ake bugawa a raba wa 'yan kwangila, a yi ta a kan dutse, a yi ta a fadama.

Na ga wannan da idona a wata makaranta da na taɓa koyarwa. An gina mana ɗakin kwamfuta, aka sare tsamiya biyu don a daidaita fili. Tagogin gilashi suka fuskanci faɗuwar rana. Kafin la'asar bangon kan yi zafi kamar tanda, na'urorin su riƙa kashe kansu. Da damina ta faɗi, ruwan rufin ya taru a bakin ƙofa, muka jera bulo muna tsallakawa. Kwamfutocin suka ƙare a lulluɓe da zannuwa, ƙurar hunturu ta gama da su.

Ba sha'awar fasaha Jigawa ta rasa ba. Zamanin Gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka kafa makarantar kwamfuta ta Kazaure, aka yi ta maganar intanet tun sauran jihohi ba su farka ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Masu ilimin da za su cika unguwar kimiyya suna nan tafe. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne irin ginin da za a zuba su ciki.

Amsar kuwa ba ta yi nisa ba. A jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Yama da ƙasa a 1962, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, garin Hausawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aikin ya kammala a 2018. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina wata cibiyar koyon kwamfuta a Turkana ta Kenya a 2021, da hasumiyoyin fitar da zafi da ya kwaikwayo daga suri. Amma wadda ta fi kama da halinmu ita ce cibiyar fasaha da ya gina a garin Kudugu na ƙasarsa a 2020. Filin mai ambaliya ne. Bangon na yumɓu ne da aka zuba a ma'auni, an kewaye shi da sandunan turare don inuwa, ruwan damina kuma an yi masa hanya zuwa wata babbar ma'ajiya a ƙarƙashin ƙasa, ana ban ruwan gonar mangwaro da shi. A 2022, shekarar da muke kwashe kaya daga cikin ruwa, aka ba Kéré kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine.

Don haka musun ƙasa ko bulo bai taɓo inda ke ciwo ba. Tubalin da ya zube a 2022, mafi yawa a kwari aka aza shi, kuma bulon da ke kusa da shi ma ya tsage. In har ranar gina unguwar kimiyya ta zo, a Kafin Hausa ne ko a Dutse ko a nan gefenmu, ina roƙon mai zanen ya zo a watan Agusta, ya tuɓe takalmi, ya zaga filin tare da tsohon magini da masunci. Su nuna masa inda ruwa ya tsaya a 2012, da itacen da ba a sarewa, sannan ya koma ya ɗauki fensir.