Yadda Yaran Lardin Sakkwato Suka Tara Kalmomin Turanci

A zamanin mulkin Turawa, Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikin Lardin Sakkwato ne, don Jihar Zamfara ba a yi ta ba sai 1996. Yaron da aka sa elementare a waɗannan garuruwa da Hausa yake karatu da rubutu da lissafi. Turanci sosai kuwa sai wanda aka zaɓa ya tafi Midil ta Sakkwato, nesa da iyayensa. Daga can, in ya yi fice, sai Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, daga bisani Zariya a 1949. Ta wannan hanya Ahmadu Bello ya bi, haka kuma Shehu Shagari a bayansa.

To, abin ba wasa ba ne. A Midil da Turanci ake koyar da darussa, watau wanda kalmominsa suka gaza, labarin ƙasa da lissafi ma sun kuɓuce masa, aikin malanta ko na akawu ya wuce shi ke nan. A gida ba mai jin Turanci, a kasuwa ma haka. Abin da yaro ya zo da shi bai wuce 'yan kalmomin da Hausa ta riga ta haɗiye ba, kamar mota da tebur da soja da asibiti, su ma sun sake kama, har Bature ba ya gane kayansa.

Wani malami Bature, Michael West, ya tarar da irin wannan wahala a Dakka ta ƙasar Bangal. Ya lura littattafan makaranta suna jibga wa yaro baƙin kalmomi a kowane layi, har ya ƙosa ya rufe littafin. Sai ya shirya nasa tun wajen 1926, inda sabuwar kalma ba ta shigowa sai a tsakiyar waɗanda yaro ya sani, sa'an nan a yi ta maimaita ta cikin labari har ta zauna. Littattafan nan suka bazu a ƙasashen da Ingila ke mulka, har Afirka ta Yamma. A 1935 shi da abokin aikinsa suka fitar da ƙamus wanda duk bayaninsa da kalmomi 1,490 kaɗai aka yi shi. A 1953 kuma ya buga jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawo cikin Turanci. Dabarar mai kyau ce, don haddar jeri kara zube kan gudu bayan jarrabawa, amma kalmar da aka gamu da ita sau goma cikin labari ba ta saurin ɓacewa.

Wajen ƙamus na gida kuwa an daɗe ana jira. Babban ƙamus na Bargery, na 1934, an yi shi ne musamman domin mai neman sanin Hausa, ga shi da nauyi da tsada. A 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, wanda ɗan makaranta zai buɗe ya sami ma'ana da harshensa.

Da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka cika azuzuwa fiye da yawan malamai da littattafai, makarantun sakandare kuma suka matso kusa da gida. Sharaɗin dai bai sassauta ba: ɗan Gummi ko ɗan Anka da bai ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ba a ɗaukarsa jami'a.