Varroa: ƙwaron da ke addabar ƙudan zuma

Varroa wani ɗan ƙwaro ne ja mai kama da kaska, wanda faɗinsa bai kai milimita biyu ba, amma masu kiwon zuma suna ɗaukarsa a matsayin babban abokin gabarsu.

Asalinsa daga nahiyar Asiya ne. An gano shi a Amurka a 1987, a Ingila a 1992, sannan a Afirka ta Kudu a 1997. Ya ɓulla a Ostareliya a 2022, kuma a 2023 hukumomin ƙasar suka haƙura da yunƙurin kawar da shi.

Macen ƙwaron tana shiga ramin saƙa kafin a rufe shi, ta yi ƙwai a kan 'ya'yan zuma. Tana tsotsar kitsen jikinsu, tana kuma sa musu cutar da ke naƙasa fukafukai.

Safarar amya na taimaka masa wajen yaɗuwa. A watan Fabrairun kowace shekara ana kai amya gonakin almon na jihar Kalifoniya, inda tirela guda ke ɗaukar kimanin 400, a jibge su kusa da juna.

Magunguna

Da farko magungunan da ake haɗawa a masana'antu sun yi tasiri, sai dai tun a shekarun 1990 ƙwaron ya fara jure musu, ga kuma ragowarsu da ke maƙalewa a kakin zuma. Wannan ne ya sa aka karkata ga sinadaran da ake samu a jikin tsirrai da ƙwari.

Sinadarin oksalik, wanda akwai shi a alayyafo, ba ya ratsa ramin da aka rufe. Don haka ya fi amfani da hunturu, lokacin da sarauniya ta daina ƙwai. Amurka ta amince da shi a 2015.

Shi kuwa sinadarin fomik, irin wanda tururuwa ke fitarwa, tururinsa yana kai wa ga ƙwaron da ke cikin ramin. Matsalarsa ita ce zafi: idan rana ta ƙwalle yana iya kashe 'ya'yan zuma, har ma da sarauniya. Akwai kuma timol, da ake samu daga ganyen tayim na girki, wanda ƙamshinsa kan shiga zuma idan aka sa shi kafin a ɗebe ta.

Ƙudan zuman Afirka dai sun fi na Turai jure wa ƙwaron, kuma masu kiwo da dama a nahiyar ba sa amfani da magani.