Yadda Sukari Ya Riga Likitan Haƙori Shiga Birnin Kano

Unguwar Koƙi tana cikin tsohon birnin Kano, ba nisa da Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Tun dā unguwar fatake ce, masu safarar goro daga Gwanja, a nan ne kuma Alhaji Alhassan Ɗantata ya zauna har ya rasu cikin 1955. Unguwa ce da attajiri da ɗan dako su ke bin lungu guda, saboda haka a nan a ke ganin bambancin abin da kowannensu ya ke yi ran da ciwon haƙori ya kama shi.

Kafin zuwan Turawa cikin 1903, tsaron haƙori ba ya cin ko wuri. Kowane Musulmi ya san asuwaki sunna ne, sai ya karyo reshe ya tauna kansa ya goge bakinsa kafin salla. Waɗansu su kan ƙara da gawayi ko gishiri. Mata kuwa su kan ci goro su goga fure, haƙora su yi jawur, don a lokacin ado ne. Abincin mutane tuwo da fura da koko, zaƙi kuwa sai zuma da rake, su ma ba kullum ba.

In ciwo ya zo, a kan danna kanumfari cikin kogon, ko a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Mutane sun ɗauka wata tsutsa ce ke cin haƙorin, har akwai masu turara hayaƙi wai don su fito da ita. In abin ya faskara sai a kira wanzami. Ya zo da zabirarsa, a danne mai ciwo, ya sa awartaki ya fizge. Ba allurar kashe zafi, wani lokaci ma haƙorin ya karye, saiwar ta zauna cikin dasashi ta yi ruwa. Amma fa wanzami ba shi da nisa, ladansa kuma ba ya fin ƙarfin kowa.

To, da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai kayan kanti su ka soma shigowa, cikinsu har da sukari mai ƙwaya. Da fari abin masu hali ne, a hankali ya yi araha, ya shiga koko da fura da shayi. Daga baya minti da biskit da lemon kwalba su ka biyo. Likitoci sun tabbatar babu tsutsa a haƙori: waɗansu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani su ke cin sauran zaƙin da ya maƙale, su fid da tsami, tsamin nan ya riƙa zaizaye haƙori har ya yi kogo.

Asibiti kuwa bai zo da saurin sukari ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado cikin 1926, En'e ta gina Asibitin Birni wajen Ƙofar Mata, wanda yanzu a ke kira Asibitin Murtala. Daga Koƙi mutum ya kan taka da ƙafa ya je. Amma abin da ya fi damun hukuma a lokacin shi ne agana da sanƙarau da kuturta da gyambo, watau cututtukan da ke kashewa ko nakasawa. Haƙori aka bar shi a baya. Ga shi kuma duk ƙasar ba inda a ke koyar da aikin, sai an je Ingila. Sai cikin 1966 aka buɗe makarantar likitocin haƙori ta fari a Jami'ar Ikko, waɗanda su ka biyo ta kuma cikin shekarun 1970 duk a Kudu su ke. Kano ta sami asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano cikin 1988, amma ba ta soma yaye nata likitocin haƙori ba sai cikin ƙarnin nan.

Ko da likitan ya samu, aikinsa mai tsada ne. Kujerarsa da injin huda da garin ciko duk daga ƙasashen waje a ke sayo su, kuma ba sa aiki sai da lantarki da ruwa. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, kuɗin kayan ya hau, aka ɗora wa marasa lafiya, likitoci da yawa kuma su ka tafi Saudiyya da Turai neman abinci. Inshorar lafiya da aka soma cikin 2005 ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fara ɗauka, ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su cikin lissafi. An yi sabuwar doka cikin 2022 wadda ta wajabta ta a kan kowa, amma yawancin talakawa har yanzu daga aljihunsu su ke biya.

Saboda haka mai hali ya kan tafi asibitin kuɗi a cike masa kogo tun yana ƙarami, wani ma ya komo daga hajji da haƙorin Makka yana walƙiya. Talaka kuwa ya sayi ƙwayar kashe zafi a kemis, ya ɗaure kai, har kumatu ya kumbura. Sa'an nan ya je asibiti, a gaya masa kuɗin gyara da na cirewa, ya zaɓi cirewa, don ita ce mai araha, kuma zuwa ɗaya ta ke. Watau bayan shekara ɗari, abin da ya sake masa shi ne allurar kashe zafi da tsabtar ƙarfe, amma giɓin na nan kamar na zamanin wanzami.

Sakacin lafiyar baki ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wata cuta da likitoci ke kira Noma, mai farawa daga dasashin yaran da yunwa ta raunana, ta cinye leɓe da kumatu. An buɗe mata asibiti a Sakkwato cikin 1999, cikin 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa roƙon Nijeriya.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, magani mai araha na wajen rigakafi: a rage wa yara zaƙi, a riƙe asuwaki ko buroshi safe da dare, hukuma kuma ta sa masu duba baki a ƙananan asibitocin unguwa da makarantu. In ba haka ba, talakan Koƙi zai ci gaba da jin abin da kakansa ya ji, wai maganin haƙori haƙuri.