Yadda Tsagewar Walda Ta Tsayar Da Tashoshin Nukiliyar Faransa

Jama'a, yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi zan ba ku.

A shagona a Kinkinau na sha karɓar wayar da ba ta taɓa faɗuwa ba, amma dalmar ƙasan IC ɗinta ta tsage. Zafi da sanyi ne kawai. To irin wannan cuta ta taɓa kama manya.

Ƙarshen 2021, ana binciken shekara goma-goma a tashar nukiliya ta Civaux a Faransa, na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe da sauti ta hango tsagewa dab da walda, a bututun da ke kai ruwan sanyaya tukunya idan haɗari ya faru. Ka ji wurin fa! Da aka duba wasu tashoshin, su ma akwai.

Me ya jawo? Ka tsaya wurin mai walda ka kalla. Inda ya narkar yana so ya tsuke idan ya huce, ƙarfen gefe da bai yi zafi ba ya hana shi. Wannan ja-in-jar ba ta fita, tana nan daskare cikin ƙarfen ko ba a ɗora masa kaya ba. Ka haɗa ta da ruwan zafi na shekara da shekaru, sai tsagewa ta fara daga ciki tana bin tsakanin ƙwayoyin ƙarfen a hankali. Daga waje kuwa bututu sumul.

A 2022 an kai lokacin da fiye da rabin tukwane 56 na ƙasar suke a kashe, wasu don wannan, wasu don gyaran da aka saba. Ƙasar da a lokacin take sarrafa yuraniyom ɗin Arlit ta Nijar, take sayar wa maƙwabta wuta, sai ga ta tana saye. Har daga Amurka da Kanada aka ɗauko masu walda.

Wanda ya fi ba ni tsoro na Penly ne, a 2023: kaurin bututu milimita 27, tsagewa ta ci 23. Kuma waldar ce da aka yi wa gyara sau biyu tun lokacin gini. Shi ya sa idan kwastoma ya ce in sake gasa masa IC karo na uku nake ƙi.

Kar ka ce ta Zariya fa? Ta Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kunna a 2004 da ƙarfin kilowat 30 kacal, ta bincike ce, tana zaune cikin kududdufin ruwa. Ba ta da irin wannan bututu mai matsi.