ZANGO: KALMAR DA TA BI AYARI HAR TAMANRASSET

Cikin kalmomin da muka gina zaman tare a kansu, kaɗan ne suka yi nisan tafiya kamar "zango". A bakin fatake ta taso: wurin da madugu ke tsayar da ayari a sauke kaya, a shayar da dabbobi, a kwana. Daga nan muka samu "ya da zango", tazarar da ke tsakanin masauki biyu ita ma ta zama zango, har yau muke cewa zangon karatu.

Sannu a hankali masaukin kwana ɗaya ya zama unguwa. A Damagaram, Zango ta kafu a wajen Birni, inda ayarin Abzinawa ke sauka. Zangon Daura da Zangon Kataf sun zama garuruwa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwar goro suka bazu, zanguna suka bunƙasa a Kumasi da Accra, har mutanen Ghana suka ari kalmar suna cewa "zongo".

Abin da ya riƙe zango shi ne amana. Baƙo yana da fatoma, wato mai masaukin da ke ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Akwai Sarkin Zango, akwai liman. Baƙo baƙo ne, amma an san wanda zai amsa dominsa.

Da wannan ma'auni ya kamata mu dubi Tamanrasset, a duwatsun Ahaggar na kudancin Aljeriya. Ƙaramin ƙauye ne lokacin da Bafaranshe Charles de Foucauld ya zauna can a 1905. A 1974 ya zama hedikwatar lardi, farin shekarun 1970 da 1980 kuma ya koro masa jama'a daga Nijar da Mali. Yau ana jin Hausa a kasuwanninsa tare da Larabci da yaren Abzinawa, domin hanyar Kano, Damagaram, Agadas, Arlit da In Guezzam can take kaiwa.

Sai dai wannan sabon zango ya rasa fatoma. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su a hanyar Tamanrasset bayan motocinsu sun lalace. Tun daga ƙarshen 2014 ake kwaso 'yan Nijar daga Aljeriya ana mayar da su ta Assamaka.

Kakanninmu sun fahimci cewa baƙunci yana bukatar tsari, shi ya sa suka ba shi sarauta da masauki. Hakkin da ke kanmu shi ne mu raya wannan tsari ga 'yan'uwanmu da ke hanyar arewa, da kuma baƙin da suke sauka a namu garuruwan. Allah Ya jiƙan waɗanda hamada ta cinye.