Yardar Budurwa: Daga Dandali Zuwa Waya

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kakanninmu mata suna ba mu labarin yadda ake neman aure a dā. Da kaka, in an gama girbi, 'yan mata kan fito dandali su yi gaɗa, samari suna kallo. Wanda ya ga wadda ta kwanta masa sai ya aika da toshi. In ta karɓa, ya samu shiga. In ta mayar, ya san inda dare ya yi masa. Akwai kuma tsarance, wanda littafin Baba ta Karo na 1954 ya bayyana, malamai suka yi ta yaƙarsa har ya kau.

Amma ɗaurin aure a hannun uba yake. Fiƙihun Malikiyya ya ba shi ikon aurar da 'yarsa budurwa, wasu iyaye suka wuce gona da iri, alhali hadisi ya ce a nemi izininta. Yarinya nawa ta gudu gidan gwaggo saboda auren dole? Wannan kukan ne Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauko cikin Wa Zai Auri Jahila?

Yau zance ya koma waya. Abin da ke damuna shi ne wasu wasannin kwamfuta na cikin wayar, inda saurayi ke tara kyauta har macen da ke cikin wasan ta amince, ba ta da ikon ƙi. Iyaye, mu koya wa 'ya'yanmu maza cewa in yarinya ta ce a'a, magana ta ƙare.