Malamin Kimiyya a Matsayin Mai Bincike: Waiwaye Tun Daga 1957

Manufar wannan lacca ita ce a waiwayi yadda aka yi koyar da kimiyya ya zama fannin da malami yake komawa jami'a ya yi digiri na biyu ko na uku a kansa, bayan ya daɗe yana riƙe da alli.

Tushen al'amarin ya faro ne a ran 4 ga Oktoba, 1957, sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi ƙwarai, har a 1958 majalisarta ta yi dokar da ta ware kuɗi masu yawa don kyautata koyar da kimiyya da lissafi. Aka tara manyan masana suka rubuta sababbin littattafai, aka kuma riƙa kiran malaman makaranta zuwa kwas a jami'o'i lokacin hutu. A Ingila ma Gidauniyar Nuffield ta soma irin wannan aiki a 1962.

Wannan guguwa ba ta tsallake Afirka ba. A 1965 aka yi taro a Kano, inda aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi. Aƙidar shirin ita ce yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya lura, ya yi tambaya. Ɗaya daga cikin darussansa da suka yi suna a kan kurkudu aka gina shi, watau ƙwaron nan mai haƙa ɗan rami kamar mazurari a cikin rairayi yana dakon tururuwa. In yaro ya tambayi abin da kurkudu yake ci, sai malami ya ce masa ya je ya tambayi kurkudun, ma'ana ya sa ido har ya gano da kansa.

To, sai dai ba a jima ba aka fahimci cewa littafi, kome kyansa, ba ya koyar da kansa. Malamin da aka rena da hadda, in aka miƙa masa sabon darasi, haddar zai mayar da shi. Kuma babu mai iya cewa ga abin da yara suka ƙaru da shi sai an auna. Saboda haka bayan da shirin ya koma hannun 'yan Afirka a 1970, sai a 1972 aka buɗe cibiyar koyar da dabarun auna sakamakon ilmi a Jami'ar Ibadan, wadda ta riƙa karɓar ma'aikatan ilmi daga ƙasashen Afirka dabam-dabam don karatu mai zurfi.

Abin lura a nan shi ne, binciken da ya fi tasiri a wannan fanni daga cikin aji ya fito. Rosalind Driver, wadda ta koyar a makaranta kafin ta sami digiri na uku a Jami'ar Illinois a 1973, ta zauna tana sauraron yara suna gwaje-gwaje. Aikinta, wanda ta ci gaba da shi a Jami'ar Leeds, ya nuna cewa yaro ba da ƙwarya wofi yake zuwa aji ba. Yana da nasa bayanin, misali cewa tsiro daga ƙasa yake cin abincinsa, ko kuwa sukari ɓacewa yake yi in ya narke a ruwa. Muddin malami bai tono wannan tunani ya gwada shi a gaban yaron ba, yaron zai ci jarrabawa amma yana nan a kan bakansa. A Nijeriya kuwa, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, na koyar da yara har da kimiyya cikin Yarbanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa harshen uwa bai tauye su ba, sai ma taimaka musu da ya yi.

Darasin da wannan tarihi ya bar mana a fili yake. Malamin da ya shekara goma yana jin amsoshin yara ya riga ya mallaki tambayoyin. Abin da jami'a za ta ƙara masa shi ne hanyar tattara hujja da tace ta. Amma in digirin ya zama tsanin da zai fitar da shi daga aji zuwa ofis har abada, to, an yi tufka ana warwara. Wajibi ne abin da ya gano ya koma ga yaran da suka haifar da tambayar.